Bindigar Gado Da Haƙƙin Riƙonta

Batun wannan mako shi ne bindigar da uba yakan mutu ya bari, ko kuwa ya miƙa wa ɗansa tun yana da rai. Mas'ala ce wadda ba a cika kawo ta gaban malamai ba ran rabon gado. Akan lissafa gona da gida da dabbobi, har da tukwane da tabarmi, amma bindigar da ke rataye a bangon turaka sai a tsallake ta kamar ba dukiya ba ce, domin kowa ya riga ya ɗauka a ransa ta babban ɗa ce. Wannan ɗauka kuwa tana taɓa haƙƙin magada, tana kuma taɓa jinin bayin Allah, wanda ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin a shiga hukunci, ya kamata a yi wa masu wannan al'ada adalci, gama ba a banza suke girmama ta ba. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin maharba ya san ba labarin da yake kwance musu baki kamar labarin ranar da aka fara barinsu su yi harbi. Tsoho yakan manta abin da ya ci jiya, amma ba ya manta wannan rana. Zai faɗi yadda ya yi shekaru yana bin mahaifinsa a baya, ɗauke da burgami da goran ruwa, ba a ko yarda ya taɓa kunamar bindiga. A cikin shekarun nan ne aka koya masa sawun gada da na zomo, da yadda ake bin iska don kada nama ya ji warin mutum, da awon albarushi, da yadda ake ɗura shi a danne da tsumma, da wanke cikin bindiga bayan harbi don kada tsatsa ta ci ta. Sa'an nan wata asuba, ba tare da wani shiri ba, uban ya nuna masa zabo, ya miƙo masa bindiga, ya ja da baya. Zai ba da labarin yadda gindinta ya naushe shi a kafaɗa, da hayaƙin da ya rufe masa ido, da ƙugin da kunnensa ya yini yana yi. Ko ya sami zabon ko bai samu ba, wannan bai dame shi ba. Abin da ya riƙe a zuci shekara 60 ko 70 shi ne, ran nan ne mahaifinsa ya yarda da hankalinsa.

Mai karatu ya riƙe wannan labari da kyau, domin a cikinsa akwai abin da 'yan baya suka yar. Uban nan bai ba da bindiga don yaron ɗansa ne kawai ba. Sai da ya gwada shi shekara da shekaru tukuna.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yake da masu harbi da ita, waɗansunsu Turkawa, kamar yadda limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa ya rubuta. Tarihin Kano kuma ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, suka taƙaita shigar bindigogin zamani cikin yawancin Afirka, suka bar ƙofa ga tsofaffi masu ƙanƙara da albarushin fatake. Shi ya sa wadda ta wanzu a hannun talaka ita ce harbi-ka-ruga, wadda sunanta ya faɗi halinta, maƙeran gida kuma suka ƙware wajen ƙera ta. Ita ke gadin gona daga birai, ita ke kawo nama gida, ita ke tashi gaban sarki ran hawan Salla. Akwai gidajen da aka san su da sarautar Sarkin Bindiga ko Sarkin Baka kaka da kakanni. Abin takaici, kalmar 'yan bindiga, wadda a da in an ambata ta sai yara su ruga kallon hawa, yau in an ambata ta a ƙauyukan Zamfara ko Katsina sai mata su goya 'ya'yansu su gudu.

To, haƙƙin magada tukuna, domin shi ya fi sauƙi. Bindiga dukiya ce mai kuɗi, saboda haka tana cikin abin da za a raba. Larabawan jahiliyya ba sa ba mace gado, ba sa ba yaro, hujjarsu kuwa ita ce ba mai gado sai wanda ke hawan doki ya ɗauki makami. Watau a wurinsu makami shi ne ƙofar gado. Musulunci ya rushe wannan. Sa'adu ɗan Rabi'u, Allah Ya yarda da shi, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, ya bar mata da 'ya'ya mata 2, ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar duka. Matar ta kai kuka wurin Manzon Allah, ayar gado ta sauka, aka ba 'yan matan kashi 2 cikin 3, aka ba uwarsu tumuni, abin da ya saura aka bar wa baffansu. Aya ta 7 ta Suratun Nisa'i kuma ta tabbatar wa maza da mata rabo cikin abin da iyaye da dangi suka bari, kome ƙanƙantarsa kome yawansa, ba ta kuwa ware makami ba.

Misali, in mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, kashi 8 za a yi dukiyarsa. Matar tana da 1, kowane namiji 2, kowace mace 1. Ashe ke nan a cikin bindigar da babban ɗa ya saɓa ya fice da ita, kashi 2 ne kaɗai nasa, sauran 6 na uwarsa ne da 'yan'uwansa. In ya riƙe ba da yardarsu ba ya ci haƙƙi, ko da kuwa kunya ce ta hana su magana. Shirun kunya ba yafewa ba ne, balle in akwai marayu ƙanana, waɗanda ko sun ce sun yafe, yafewarsu ba ta zartuwa. Wani zai ce ai baba da bakinsa ya ce bindigarsa ta wane ce. In yana nufin bayan ransa, wannan wasiyya ce, ba a kuwa yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince. In kuma kyauta ce, a mazhabar Imamu Malik kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In ta ci gaba da rataye a turakar uba har ya cika, ta koma cikin gado. Har ila yau ga labarin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda mahaifinsa ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan'uwansa, Manzon Allah ya ƙi zama shaida, ya yi umurni da adalci tsakanin 'ya'ya.

Amma bindiga ba ta yankuwa gida takwas, to yaya za a yi? Magabata sun riga sun nuna hanya, a kan makamin da ya fi kowace bindiga daraja. Buhari ya ruwaito cewa bayan an kashe Abdullahi ɗan Zubairu a Makka, a shekara ta 73 bayan hijira, Halifa Abdulmaliki ɗan Marwanu ya tambayi Urwatu ko zai gane takobin mahaifinsu Zubairu ɗan Awwamu. Urwatu ya ce zai gane shi da giɓin da ya yi ran Badar. Halifa ya gaskata shi, ya mayar masa da takobin. Hishamu ɗan Urwatu ya ce daga baya sun yi wa takobin kuɗi a tsakaninsu, 3,000, ɗayansu ya ɗauka, shi kuma har ya yi ta burin ina ma a ce shi ne ya ɗauka. A dubi wannan da kyau. Takobi ne wanda ya halarci Badar a hannun ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, zuriyarsa suna ƙaunarsa har suna gane shi da rauninsa, amma duk da haka sai da aka yi masa kuɗi. Ƙaunar kayan kaka ba laifi ba ce, burin Hishamu ya nuna haka. Ba ta dai ɗauke lissafi.

Sai haƙƙi na biyu, watau wa zai riƙe. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin sun haɗa mallaka da riƙo, alhali shari'a ta raba su. A aya ta 5 ta Suratun Nisa'i Allah Ya hana a damƙa wa wawaye dukiya. A aya ta 6 Ya yi umurni a riƙa jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su sa'an nan a miƙa musu dukiyarsu. Dukiyar tasu ce tun ran da ubansu ya rasu, ba mai ja, amma ba ta shiga hannunsu sai sun balaga an kuma ga hankali. In haka ne hukuncin kuɗi, wanda iyakar ɓarnarsa a wayi gari ba shi, ina ga abin da ɓarnarsa rai ne, ran ma sau da yawa na wani?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa yake tantance samari kafin ya bar su su ɗauki makami. Abdullahi ɗan Umar ya zo ran Uhudu yana da shekara 14, aka mayar da shi gida, ga shi kuwa Musulmi suna cikin ƙarancin mayaƙa. Sai ran Handaƙu, yana da 15, aka karɓe shi. Kasancewarsa ɗan Umar bai sa an ɗaga masa ƙafa ba. Masu tarihi sun kuma kawo labarin Rafi'u ɗan Hadiju da Samuratu ɗan Jundubu, waɗanda aka mayar da farko, sa'an nan aka karɓi Rafi'u da aka shaida gwanin harbin kibiya ne, aka karɓi Samuratu saboda yana kayar da Rafi'u a kokawa. Ashe ana duban shekaru, ana kuma duban iyawa. A ranar dai ta Uhudu Manzon Allah ya ɗaga wani takobi ya tambaya wa zai karɓa, hannuwa suka miƙo ta ko'ina. Da ya ƙara da sharaɗin cewa mai karɓa zai karɓe shi ne da haƙƙinsa, sai mazaje suka ja da baya, Abu Dujana ya karɓa. Ya yi ɓarna da shi cikin abokan gaba, amma da ya ɗaga shi a kan wani mai zuga mayaƙa ya ga ashe mace ce, Hindu 'yar Utbatu, sai ya janye hannunsa, don girmama takobin Manzon Allah daga saran mace. Wanda ya san inda zai tsaya ana tsakiyar yaƙi, shi aka ba takobin.

Ladubban riƙon makami kuwa suna da yawa cikin hadisai, abin mamaki ne yadda ba a cika jin su a wa'azi ba. An hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, dalili kuwa bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya auka ramin wuta. Muslim ya ruwaito cewa mala'iku suna la'antar mai nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya bari, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, malamai suka ce wasa da gaske duk ɗaya ne a nan. An hana miƙa takobi a zare. An umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya yagi wani. Duk wannan a kan takobi da kibiya ne, waɗanda ido ke ganin kaifinsu. Bindigar toka kuwa ba ta nuna cikinta. Maharbi yakan dawo daga dawa bai yi harbi ba, ya rataye ta da ɗurinta, ciwon ajali ya kama shi, ba wanda ya sani. Albarushi in bai sha danshi ba yakan yi shekaru bai mutu ba. Wanda aka horar ya san zai zura sandar ɗuri ya auna zurfin kafin kome. Wanda ya gada kawai sai ya ɗauko ta ran biki ya saita abokinsa yana dariya. Layun da akan ɗaura a gindinta kuma, ban da abin da ke cikinsu na haɗari ga tauhidi, ba su taɓa hana tsohon ƙarfe fashewa a hannun wanda ya zarce awo ba.

In tsautsayi ya auku, shari'a ba ta cewa ƙaddara ce a tashi. Kisan kuskure yana da diyya a kan dangin mai kisa, raƙumi 100 ko dinari 1,000 kamar yadda Risala ta kawo, da kaffarar azumin wata 2 a jere ga wanda bai sami wuyan 'yantawa ba. Gangancin yaro ana ɗaukarsa kuskure, nauyin ya koma kan danginsa. Malaman Malikiyya har sun ambaci wanda ya miƙa wa yaro makami ya riƙe, yaron ya halaka da shi, suka ɗora diyyarsa a kan dangin wanda ya miƙa. Watau alhaki yana bin makami ya koma ga hannun da ya bayar.

Kada a zaci Hausawa kaɗai ke da al'adar nan. A Amurka, inda tsarin mulki ya ba mutane 'yancin riƙe makami tun 1791, uba ya saya wa ɗansa bindigar farko ko ya bar masa ta kakansa abin alfahari ne a gidaje da yawa, kuma wani ƙiyasi na 2017 ya nuna bindigogin da ke hannun farar hula a can sun fi mutanen ƙasar yawa, wajen 120 ga kowane mutum 100. A watan Nuwamba 2021, a jihar Mishigan, wani yaro ɗan shekara 15 ya harbe 'yan makarantarsu 4 har lahira da ƙaramar bindigar da mahaifinsa ya saya masa kyauta kwana 4 kafin nan. A 2024 kotu ta kama uban da uwar da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke wa kowannensu ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, domin ba su killace bindigar ba, sun kuma kau da kai daga alamun da yaron ya nuna. Alƙalan can ba su karanta Mudawwana ba, amma inda suka biyo suka ɓullo, nan malamai suka tsaya tun fiye da shekara dubu.

Dokar ƙasa ma ba ta ɗauki lasin a kan abin gado ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Ta kuma ba magaji kwana 14 kacal ya riƙe bindigar mamaci da lasin mamacin. Wanda ya dubi sharuɗɗan nan zai ga kusan shiriyar nan ce da ayar marayu ta ambata aka zayyana, biyayya ga hukuma a irin wannan kuwa wajibi ce.

Akwai magana mai nauyi da mutumin ƙauye zai kawo, ba kuwa daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Zai ce ana yi masa wa'azin ladubba alhali ɓarayi suna zuwa masa da bindigogin yaƙi, jami'an tsaro suna nesa, bindigar kakansa ita kaɗai ce tsakaninsa da su. Gaskiyarsa. Kare rai da iyali da dukiya halal ne, wanda aka kashe a kan haka shahidi ne da nassin hadisi. Ba a kuma manta ba, a watan Nuwamba 2014 maharba da bindigoginsu na toka suna cikin waɗanda suka taimaki soja aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Amma wannan hujja ƙara tsananta sharaɗin take yi. Bindigar da aka gada don zabo da birai yanzu mutum ake nufi da ita, saurayin da zai riƙe ta kuwa wataƙila a gabansa aka kashe mahaifinsa. In an miƙa masa ita tare da sunan ƙabilar da ake zargi, to an gadar masa da gaba ne. Gobe ya tare wani makiyayi a hanyar kasuwa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, 'yan'uwan wancan su ma su ajiye tasu bindigar su jira ɗansa ya girma. Mutanen arewa maso yamma sun ga yadda irin wannan ramuwa ta cinye garuruwa. Ba a kama wani da laifin wani a Musulunci, kisasi kuma aikin hukuma ne. Malamai sun haramta sayar da makami ga wanda aka san zai yi ɓarna da shi, ba shi kyauta ko gado bai fi sayarwa sauƙi ba.

Saboda haka ran rabo, bayan an yi wa bindiga kuɗi an san rabon kowa, sai dattawan gida su zauna su dubi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da jin nauyin kowa ba. Mai yiwuwa ƙaramin ne ya bi uban dawa, babban kuwa mai saurin fushi ne ko mai shaye-shaye. To ƙaramin zai riƙe, a cire kuɗinta daga rabonsa, ya nemi lasin da sunansa, babban ya karɓi haƙƙinsa a gona ko a kuɗi, ba a zalunce shi da kome ba. In 'ya'yan duk ƙanana ne, wasiyyi ya sauke ɗurin, ya raba ta da albarushi, ya kai ta ajiyar hukuma har su girma a jarraba su.

In kuwa an duba gidan kaf ba a sami ko ɗaya ba, wannan ma yana da magabaci. An ruwaito cewa Manzon Allah ya ba Muhammadu ɗan Maslama takobi, ya umurce shi ya yi jihadi da shi, in kuma ya ga Musulmi sun juya suna saran juna, ya buga shi a kan dutse ya karya. Da fitina ta tashi bayan kisan Halifa Usmanu a shekara ta 35 bayan hijira, sahabin nan ya janye daga ɓangarorin duka, ya karya takobin, ga shi kuwa kyautar Manzon Allah ce. Magadan da ba su da mai riƙo suna iya sayar da bindigar ta hanyar da doka ta yarda ga maharbin da aka san amanarsa, su raba kuɗin. In kuma ransu bai ba su rabuwa da kayan kaka ba, sai su kai wa maƙeri ya cire kunamar, ya toshe bakin da narkakken ƙarfe, su mayar da ita bangon turaka inda take.